Ɗakin Taurari: Tarihinsa, Kayan Aikinsa da Gurbinsa a Birni Kamar Gombe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Gombe ko ƙauyukan da ke kewaye da ita kafin wutar lantarki ta game unguwanni, ba zai rasa tuna yadda dare yake a wancan zamani ba. Bayan an ci tuwo, yara su fita dandali, tsofaffi su shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, sai ka ji wata gyatuma ta nuna sama tana cewa ga Kaza da 'Ya'yanta can, ga kuma Zara matar wata ta biyo mijinta. A wasu watanni kuma, ladan da matafiyi da mai sammakon zuwa gona Gamzaki suke dubawa domin su san asuba ta gabato. A yau kuwa, da wuya a sami ɗalibin jami'a da zai iya nuna taurari biyar ya faɗi sunayensu da harshen da ya sha a nono. Hasken fitilu ya dushe sararin birni, hira ta koma cikin ɗaki, su kuma tsofaffin da suka san sunayen suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin tarihin wani gini da aka ƙirƙiro domin magance irin wannan rashi, wato ɗakin taurari. Za a dubi asalinsa da yadda ya isa ƙananan birane, a bayyana kayan aikinsa, sannan a auna gurbin da yake da shi a birni kamar Gombe. Amma kafin nan, ya dace a waiwayi abin da Bahaushe ya sani game da sararin samaniya, domin kada a ɗauka baƙon abu ne ake son cusa masa.

2.0 Ma'anar Ɗakin Taurari

Abin da ake nufi da ɗakin taurari a nan shi ne ginin da Turawa suke kira filanetariyam. Ɗaki ne mai rufin ƙubba, kamar an kifa ƙwarya, wanda ake kashe fitilunsa a haska siffar taurari da wata da sauran duniyoyi a cikin rufin, har wanda yake zaune ya ji kamar yana tsakiyar daji a daren da babu gajimare. Ya bambanta da gidan hangen taurari, inda masana suke kafa manyan madubai su dubi sama ta haƙiƙa. A ɗakin taurari kwaikwayon sama ake yi, saboda haka ana iya shiga da rana tsaka, ko ana ruwa, ko ƙurar hunturu ta rufe gari. Bugu da ƙari, ana iya gaggauta tafiyar lokaci, a nuna abin da sama take yi a shekara guda cikin 'yan mintoci.

3.0 Bahaushe da Sararin Samaniya

Sanin taurari a ƙasar Hausa ya taho ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta gargajiya, wadda ta bar mana sunaye da karin magana, irin su tauraruwa mai wutsiya wadda aka ce ganinta ba alheri ba. Ta biyu ita ce ta malaman zaure, waɗanda suka karɓi lissafin taurari 28 daga littattafan Larabci. Kowane tauraro yana da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimilla kwana 365 ke nan. An raba su bakwai-bakwai bisa lokutan shekara huɗu, kuma taurarin damina, wato Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan, su ne manoma suka fi tambayar malamai a kansu kafin shuka. Malamai sun tsara wannan lissafi cikin waƙoƙin ajami domin sauƙin hadda, kuma Mervyn Hiskett ya yi nazarin irin waɗannan waƙoƙi a wata maƙala da ya buga a 1967.

Tarihi ya adana mana sunayen wasu da suka yi zurfi a wannan fage. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina, ya yi hajji ya zauna a Alƙahira, inda ya yi suna a ilmin lissafi da taurari, ya kuma rasu a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Haka kuma, lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama, sai ya tarar Sarkin ya san burujai duka da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Sa'ad da ya dawo a 1826, cikin tsarabar da ya kawo har da littafin lissafi na Iƙlidis a harshen Larabci. Wannan kuwa ita ce daular da ta ba Modibbo Buba Yero tuta, wanda ya kafa masarautar Gombe.

Wajibi ne a lura cewa malaman Musulunci sun bambanta abubuwa biyu. Akwai sanin tafiyar taurari domin gane alƙibla da lokutan salla da na shuka, wanda abin yabo ne. Akwai kuma da'awar cewa taurari suna da tasiri a kan arziki ko mutuwar mutum, wanda shi ne duba, kuma shari'a ta hana. Ɗakin taurari na kashi na farko ne kacokan.

4.0 Mai Sana'ar Ulu da Rufin Ɗakinsa

Abin sha'awa a tarihin wannan gini shi ne, mafi daɗewa daga cikin waɗanda suke aiki har yanzu ba a fadar wani sarki yake ba, a wani ƙaramin gari yake mai suna Franeker a arewacin ƙasar Holan. A 1774 wani mai wa'azi, Eelco Alta, ya fitar da ɗan littafi yana cewa haɗuwar wata da duniyoyi huɗu a wuri ɗaya ranar 8 ga Mayu za ta iya ture duniyarmu daga hanyarta ta faɗa cikin rana. Jama'a suka firgita. Ranar ta zo ta wuce ba abin da ya faru, amma ana danganta wannan firgici da aikin da wani mai sana'ar tsefe gashin tumaki, Eise Eisinga, ya fara a wannan shekara.

Eisinga bai yi karatun jami'a ba, da kansa ya koyi lissafi a lokutan da ya sami sarari daga sana'a. Daga 1774 zuwa 1781 ya mai da rufin ɗakin zamansa taswirar rana da duniyoyi shida da aka sani a lokacin: Uɗaridu da Zuhura da duniyarmu da Mirrihu da Mushtari da Zuhalu. Ya yi ma'auninsa a kan cewa milimita ɗaya daidai take da kilomita miliyan ɗaya. A saman rufin ya ɓoye agogo mai lilo da duwatsun nauyi, da gammayen katako waɗanda ya kafa musu ƙusoshi kimanin 10,000 a madadin haƙora. Kowace duniya tana kewaya rana a daidai lokacinta na haƙiƙa: Uɗaridu cikin kwana 88, duniyarmu cikin shekara ɗaya, Zuhalu kuwa fiye da shekara 29. A shekarar da ya gama aikin ne William Herschel ya gano wata duniya ta bakwai a bayan Zuhalu, sai dai rufin ɗakin ba shi da faɗin da zai ɗauke ta. Sarkin Holan ya sayi gidan a 1825, kuma a 2023 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihi na duniya. Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, talaka ɗaya ya ga tsoron da jahilci ya jefa maƙwabtansa, sai ya amsa musu da abin da ido zai gani.

5.0 Daga Jena Zuwa Ƙananan Birane

Ɗakin taurari irin na zamani, mai amfani da haske, a Jamus aka haife shi. A 1913 Oskar von Miller, wanda ya kafa babban gidan adana kayan kimiyya na birnin Munik, ya nemi kamfanin Carl Zeiss da ke garin Jena ya ƙera masa abin da zai nuna wa jama'a tafiyar sama. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsai da aikin. Bayan yaƙi, injiniya Walther Bauersfeld ya tsaya a kan dabarar da ta warware matsalar, wato a bar ƙubba a tsaye, a sa injin haske a tsakiya shi ya riƙa juyawa. A 1923 aka gwada injin a cikin wata ƙubba mai faɗin mita 16 da aka gina a kan rufin masana'antar, inda ya haska taurari kimanin 4,500. Ranar 7 ga Mayu 1925 aka buɗe shi ga jama'a a Munik. A 1926 garin Jena ya buɗe nasa, a 1930 kuma birnin Shikago ya buɗe na farko a Amurka.

Sai dai injin Zeiss kayan masu hannu da shuni ne, sai manyan birane suke iya sayensa. Wanda ya sauko da abin zuwa ga masu ƙaramin ƙarfi shi ne Armand Spitz, tsohon ɗan jarida a birnin Filadalfiya. A 1947 ya fitar da wani ɗan inji mai fuska 12, wanda aka huhhuda da ƙananan ramuka aka sa ƙwan fitila a ciki, ana sayar da shi kimanin dala 500. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, gwamnatin Amurka ta tsorata da cewa an bar ta a baya, sai ta yi doka a 1958 ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya. Wannan ya sa ɗaruruwan makarantu da ƙananan garuruwa suka mallaki ɗakunan taurari. A 1977 aka fito da Starlab, ƙubbar yadi da ake hura wa iska, wadda ake naɗewa a sa a bayan mota. A 1983 kuma aka kafa Digistar a birnin Richmond, injin farko da kwamfuta take zana masa taurari.

A nahiyarmu, Jami'ar Witwatersrand da ke Johanasbag ta buɗe babban ɗakin taurari a 1960, da injin Zeiss da aka sayo na hannu daga birnin Hambag. Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Akra, birnin da fatakenmu suke kira Ankara. A can Dokta Jacob Ashong ya yi amfani da kuɗin ritayarsa ya gina ƙaramin ɗakin taurari, aka ba shi kyautar inji daga wani gidan kimiyya na jihar Luwiziyana ta Amurka, aka buɗe shi a Janairun 2009. Wannan shekara ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ilmin falaki, domin cikar shekara 400 da Galileo ya fara duban sama da madubin hangen nesa. A Nijeriya kuwa, an kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, aka harba tauraron NigeriaSat-1 a Satumban 2003. Amma harba tauraro daban, kai ilmin ga yaron Bolari ko Pantami daban.

6.0 Kayan Aikin Ɗakin Taurari

Na farko shi ne ƙubba. Ana son ta zama rabin ƙwallo sosai, cikinta fari ko toka-toka, ba tare da wata kusurwa da za ta karya siffar sama ba. A manyan ɗakuna da farantan alminiyam masu ƙananan huji ake yin ta, domin sauti da iska su riƙa ratsawa. Ƙaramin ɗaki kuwa, ƙubba mai faɗin mita 6 zuwa 8 ta isa ɗaukar aji guda na ɗalibai. Wannan siffa ba baƙuwa ba ce ga maginin Hausa, domin duk wanda ya ɗaga kai a cikin soro mai ɗaurin guga, ko ya ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ya san mun daɗe da sanin yadda ake lanƙwasa rufi.

Na biyu shi ne injin majigi, wanda ake girkawa a tsakiyar ɗaki. Iri biyu ne. Tsohon samfuri ƙwallon ƙarfe ne mai fitila a ciki, hasken yana fitowa ta faranta masu huji, gilasai suna tattara shi ya faɗa kan ƙubba a matsayin ɗigon tauraro. Manyansu suna da kai biyu, ɗaya na taurarin arewa ɗaya na kudu, a tsakaninsu kuma akwai ƙananan injuna na rana da wata da duniyoyi. Injin yana juyawa ta fuska uku. Juyi na farko yana nuna fitowar taurari daga gabas da faɗuwarsu yamma. Na biyu yana nuna yadda sama take sauyawa idan mutum ya yi tafiya kudu ko arewa. Na uku yana kwaikwayon wani layi da duniya take yi a hankali kamar katantanwar yara ta kusa faɗuwa, wanda yake cika zagaye ɗaya cikin shekara kimanin 26,000. Wannan layi ne ya sa ranar fitowar kowane tauraro take ja da baya da kwana ɗaya a cikin kimanin shekara 72, abin da ya sa tsohon lissafin zaure yake bukatar gyara bayan ƙarnoni. Sabon samfuri kuwa kwamfuta ce da majigi mai gilashi irin na idon kifi, wanda yake watsa hoto ya cika ƙubba. Akwai manhajar kyauta mai suna Stellarium, wadda aka fara a 2001, da take iya nuna saman kowane gari a kowace rana, kuma tana karɓar sunayen taurari na al'ummu daban-daban.

Na uku shi ne duhu, domin idon mutum yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da shi sosai. Saboda haka ba a yi wa ɗakin taga, fitilun gefe kuma a hankali ake rage su kamar faɗuwar rana. Sauran kayan sun haɗa da kujeru masu kishingiɗa ko tabarmi, da lasifika, da 'yar fitilar nuni, da abin sanyaya ɗaki, da tsayayyiyar wuta, wadda a wurinmu faifan hasken rana da batura za su fi dacewa. Daga ƙarshe akwai mai jawabi, wanda idan bai iya bakinsa ba, to duk sauran kayan sun zama ado. Aikinsa ya yi kama da na mai tatsuniya, domin a cikin duhu yake magana, kuma da murya yake jan hankalin masu sauraro.

7.0 Gurbinsa a Gombe

Allah ya ajiye Gombe a wuri mai kyau ga mai duban sama. Birnin yana kimanin daraja 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka tauraron arewa yana tsaye daraja 10 a kan doron ƙasa, kuma a tsawon shekara ana ganin kusan dukkan taurarin kudu waɗanda mutumin Jamus ba ya gani ko kusa. Sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka har inuwar sanda ta ɓace. Tun da aka mai da hedikwatar masarauta nan a 1919, aka kuma ƙirƙiro jiha ranar 1 ga Oktoba 1996, garin yake ta bunƙasa, ga Jami'ar Jiha da aka kafa a 2004, ga ta Tarayya a Kashere tun 2011. Masu amfana ke nan sun samu.

Amfanin farko shi ne kawar da tsoro. Da yawanmu mun taso muna kaɗa gwangwani idan an ce rana ta kama wata. Al'adar tsohuwa ce, domin Richard Lander da ɗan'uwansa sun ga irinta a Busa a 1830. Wasa ne a wurin yara, amma ba kullum yake tsayawa a wasa ba. A daren 9 ga Janairu 2001, da wata ya yi husufi, wasu matasa a Maiduguri sun far wa otal-otal da gidajen giya bisa zargin cewa zunubin masu su ne ya jawo abin. Alhali tun a shekara ta 10 bayan Hijira, da rana ta yi husufi ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), ya bayyana wa sahabbai cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba su husufi domin mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarce su da salla. Yaron da aka nuna wa yadda inuwar duniya take faɗawa kan wata zai tafi masallaci da natsuwa, kuma zai yi wuya a zuga shi ya ɗauki ashana. Ranar 29 ga Maris 2006 rana ta yi cikakken husufi da hantsi a Gusau da Katsina da Maraɗi. Masana sun ƙididdige cewa ranar 20 ga Maris 2034 inuwar wata za ta sake shigowa Nijeriya ta Legas, ta ratsa zuwa arewa maso gabas ta nufi Chadi, kuma mutanen Gombe suna cikin waɗanda za su ga rana ta dushe ƙwarai. Tun ran gini ran zane.

Amfani na biyu ya shafi ibada. A cikin ƙubba ana iya nuna dalilin da ya sa jinjirin wata ba ya ganuwa sai ya yi nisa da rana, da dalilin da ya sa shekarar Hijira take gaza ta rana da kwana 11. Ana iya koya wa limamai cewa ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin ƙarfe 10:27, rana tana tsaye a kan Ka'aba, duk wanda ya fuskance ta a lokacin ya fuskanci alƙibla.

Amfani na uku shi ne wanda ya rataya a wuyanmu masu nazarin harshe da adabi. Ɗalibi zai yi mamaki idan aka nuna masa cewa Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, wato duniyar Zuhura, wadda takan yi watanni tana fitowa da magariba sannan ta koma fitowa da asuba. Haka kuma Kaza da 'Ya'yanta ita ce Surayya ta malaman zaure. Amma injin da aka sayo daga waje da sunayen Girkawa zai zo. Idan ba mu bi tsofaffin manoma da makiyaya da mafarauta mun rubuta abin da suke kiran taurari da Hausa da Fulatanci da Tangale da Tera da Waja da Bolanci ba, to ko an gina ɗakin, da bakin wasu zai yi magana.

8.0 Kammalawa

An ga yadda ɗakin taurari ya taso daga rufin wani mai sana'ar ulu a 1774, ya sami injin haske a 1923, ya yi araha a 1947, har ya iso Afirka ta Yamma a 2009 ta hannun mutum ɗaya mai kishin jama'arsa. An kuma ga cewa ƙasar da ta haifi Alkashinawi da Muhammadu Bello ba baƙuwar wannan ilmi ba ce. Abin da ya rage shi ne a fara da abin da yake hannu. Sassan kimiyya na manyan makarantunmu za su iya neman ƙubbar yadi da majigi da kwamfuta, su riƙa zagayawa da su makarantun Dukku da Nafaɗa da Kaltungo. Mu kuma a sashen Hausa, ya kamata a ba ɗaliban shekarar ƙarshe aikin tattara sunayen taurari da karin maganganu da tatsuniyoyin da suka shafe su, tun masu sanin suna raye. Idan aka yi haka, ranar da inuwar wata za ta ratso ƙasarmu a 2034 za ta tarar da yaran da suka san abin da suke kallo, kuma suke iya bayyana shi ga iyayensu da harshen gida. Allah ya nuna mana da rai da lafiya, amin.